Linzami mai ƙwallo: wanne ya dace da hannunka? (Zare)

1/ Zaren yau na masu zama gaban kwamfuta awa biyar, shida, takwas a rana ne: masu shagon buga takardu, ɗalibai masu firojet, ma'aikatan ofis, masu zanen katin biki. Magana ce a kan linzami mai ƙwallo, wato tirakbol. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/ Ni a Dangoma nake, ƙaramar hukumar Kalgo, masarautar Gwandu. Abincina a yatsuna yake: buga firojet ɗin ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, cike fom, jera sunayen manoman shinkafa a Excel idan ƙungiyoyinsu sun kawo. Ranar da hannu ya ƙi, ranar ba cefane. Shi ya sa maganar linzami ba wasa ba ce a wurina.

3/ Bari mu fara da bambancin. Mawus da muka sani, kai ke tura shi bisa tebur, idon da ke ƙarƙashinsa yana kallon teburin, kibiya ta bi hannunka. Tirakbol kuwa zaune yake wuri ɗaya kamar dutsen niƙa. Ƙwallo ne a samansa ko a gefensa, yatsa ke juya shi, ido na ciki yana kallon ƙwallon.

4/ Wanda ya shiga kafe a farkon shekarun 2000 zai tuna mawus mai ƙwallon roba a ƙasa, wanda ake murɗe murfinsa a ciro ƙwallon a kankare datti. To ka ɗauki wancan ka kifa shi, ƙwallon ya dawo sama. Kusan shi ke nan. Sai dai na yanzu da haske yake gani, babu ƙananan tayoyin nan masu tara gashi.

5/ Kuma fa tirakbol ya girmi mawus. A 1946 wani injiniya a rundunar sojan ruwan Ingila, Ralph Benjamin, ya ƙirƙiro shi don aikin rada, aka ɓoye shi a matsayin sirrin soja. A 1952 injiniyoyin Kanada suka yi nasu don wani tsari mai suna DATAR, da ƙwallon wasa mai nauyi da suka samo a ƙasarsu.

6/ Mawus sai a 1968 Douglas Engelbart ya nuna shi ga jama'a a San Francisco ta Amurka. Daga baya ƙwallon ya shiga kwamfutar cinya: PowerBook na Apple a 1991 da ƙwallo ya fito a gaban kibod. Su kuma 'yan zamanin BBM, ɗan farin ƙwallon nan na BlackBerry Pearl na 2006 da Bold 9000, ai tirakbol ne ƙarami.

7/ Ke nan da yawanmu mun taɓa juya shi da babban yatsa, suna ne kawai ba mu ba shi ba. Yanzu bari in faɗi abin da ya kai ni gare shi, don duk abin da zan ce nan gaba daga teburina ya fito.

8/ Teburin shagona ƙarami ne. Laftof, firinta, injin laminatin, tarin takardun mutane. Wurin da ya rage wa mawus bai fi tafin hannu biyu ba. Kafin kibiya ta tashi daga wannan kusurwa zuwa waccan sai na ɗaga mawus na dawo da shi baya sau biyu ko uku. Ka lissafa wannan daga safe zuwa isha'i.

9/ Lokacin firojet, da aiki ke zuwa kamar ruwan Agusta, sai na fara jin zafi daga wuyan hannu yana hawa har kafaɗa. Da dare in kwanta, hannun dama yana zugi. Wani ma'aikacin lafiya ya duba ni ya ce, "Malam, motsi ɗaya kake maimaitawa dubu. Ka rage shi, ka riƙa hutawa." Hutu kuwa mai shago ya san tsadarsa.

10/ Abin da tirakbol ya canza mini shi ne wannan: kafaɗa da gwiwar hannu sun daina aiki. Hannu yana kwance wuri ɗaya, yatsu kaɗai ke motsi. Ba ɗagawa, ba dawowa baya. Kwana uku na farko kamar mai koyon keke nake, kibiya ta wuce inda nake so in dawo da ita. Cikin sati biyu na daina tunanin abin.

11/ Amma a ji ni da kyau, tirakbol ba magani ba ne. Aikin da kafaɗa ke yi ne ya koma kan yatsu. Idan babban yatsa da manuni da na tsakiya suna mutuwa, musamman cikin dare, alama ce ta matsewar jijiyar da ke ratsa wuyan hannu. Wannan asibiti ake kai shi, ba kasuwa ba.

12/ Yauwa. Tirakbol iri biyu ne, kuma zaɓi na farko a nan yake. Akwai na babban yatsa: siffarsa kamar mawus, ƙwallon yana gefen hagu. Akwai na sauran yatsu: ƙwallon yana sama ko gaba, manuni da na tsakiya ke juya shi, wani lokaci har da tafin hannu. Kowanne da mutanensa.

13/ Na babban yatsa shi ya fi sauƙin koyo. Maɓallan hagu da dama da tayar gungurawa duk suna inda ka saba. Abu ɗaya kawai ya canza, babban yatsa ne ke tuƙa kibiya. Ƙwallonsa yawanci milimita 34 ne, ya ɗan kasa ƙwallon tebur tanis mai milimita 40. Ƙarami ne, yana shiga jakar laftof.

14/ Inda zancen yake: babban yatsan nan fa shi ke aikin waya tun asuba. WhatsApp, TikTok, tura kuɗi, duk shi. Idan ka ƙara masa tuƙin kibiya na awa takwas, kaya ya yi masa yawa. Duk wanda gindin babban yatsansa ke ciwo tun kafin yanzu, wannan irin ba nasa ba ne.

15/ Na sauran yatsu yana raba aikin. Yau manuni, an jima na tsakiya, in ka gaji ka sa yatsu uku tare. Ƙwallonsa ya fi girma, daga milimita 40 zuwa 55. Babban ƙwallo yana da nauyi, in ka wurga shi sau ɗaya kibiya ta ƙetare allo, in ka taɓa shi a hankali ta matsa kaɗan. Koyonsa ne ya fi ɗaukar lokaci.

16/ Dalili kuwa, a wannan irin babban yatsa ne ke danna maɓallin hagu. Shekara da shekaru manuni ke dannawa, yanzu ka ce masa ya koma tuƙi. Kwanakin farko za ka ga manuni yana neman maɓalli inda babu. Haƙuri kawai yake so.

17/ Yanzu sunaye. A na babban yatsa, wanda aka fi sani shi ne na Logitech. M570 ya fito a 2010, M575 ya gaje shi a 2020. Dukansu batir AA ɗaya suke ci, irin na agogon bango. Kamfanin ya ce na M570 yana kai wata 18, na M575 har wata 24 idan da ɗan makullin USB ɗinsa kake aiki.

18/ Bambancinsu babba: M570 sai da ɗan makullin USB, M575 kuwa yana yin Bluetooth ma. Ga wanda laftof ɗinsa ke da ƙofar USB biyu kacal, ɗaya firinta ɗaya filas, wannan ba ƙaramin abu ba ne. M575 shi nake sawa a jaka idan aiki ya kai ni Kalgo ko Birnin Kebbi.

19/ Yayansu shi ne MX Ergo na 2017. Yana da faranti a ƙasa da ke karkata shi digiri 20, hannu ya zauna kamar za ka gaisa da mutum, maimakon kife. Yana da maɓallin rage gudun kibiya don aiki mai laushi. Caji ake yi masa, kamfanin ya ce caji ɗaya na kai wata huɗu. A 2024 aka fito da MX Ergo S mai USB-C.

20/ Kuɗinsu lokacin da suka fito: M575 kusan dala 50, MX Ergo kusan dala 100. Ku buga da canjin yau, ku ƙara kuɗin kawowa. Kuɗin M575 ɗaya zai saya maka mawus na kasuwa da yawa har ka raba wa maƙwabta. Don haka ba abin da za a saya don gayu ba ne.

21/ A na sauran yatsu, Kensington ne tsohon hannu. Expert Mouse, duk da sunansa, tirakbol ne: ƙwallo milimita 55, ya ɗan fi na sinuka, maɓalli huɗu manya, da zobe kewaye da ƙwallon da ake juyawa don gungura shafi. Shi ne a kan teburina, mai waya. Shafi 80 na firojet, zoben nan kaɗai ya biya kuɗinsa.

22/ Yana da tudu, gabansa ya fi bayansa tsawo, shi ya sa yake zuwa da matashin da ake ɗora wuyan hannu. Duk wanda zai sayi na hannu ya tambayi matashin. In babu, ƙyalle a naɗe yana yi. Abin da ake gudu shi ne wuyan hannu ya lanƙwashe sama awa da awanni.

23/ Ƙanensa SlimBlade na 2009, ƙwallonsu girma ɗaya, amma shi ba zobe: ƙwallon da kansa ake murɗawa kamar murfin kwalba, shafi ya gungura. Sai ƙaraminsu Orbit mai zobe, ƙwallo milimita 40, maɓalli biyu, kuɗinsa ya fi sauƙi. Ga mai son gwada na yatsu ba tare da ya zuba kuɗi da yawa ba, Orbit ƙofa ce mai kyau.

24/ Akwai kuma TrackMan Marble na Logitech, mai jan ƙwallo da ɗige-ɗige baƙaƙe. Tun 1995 kamfanin ya fara wannan dabara ta sa ido ya karanta ɗigon da ke jikin ƙwallo. Mai waya ne, ƙwallo milimita 40, yana da ƙarko. Sai dai ba shi da tayar gungurawa. Mai karanta dogayen takardu ya san da wannan kafin ya biya.

25/ Sai Elecom, kamfanin Osaka ta Japan. Suna da HUGE mai ƙwallo milimita 52 da maɓalli takwas, da Deft Pro mai milimita 44, da EX-G na babban yatsa. HUGE sunansa ya bi shi, faɗinsa ya kai ka kwantar da hannu gaba ɗaya. Mai ƙaramin hannu ko ƙaramin tebur ya auna kafin ya yi oda.

26/ Bahagwai, ga naku. Na babban yatsa kusan duk don hannun dama aka ƙera su. Elecom na yin EX-G na hagu, amma sai an nema. Expert Mouse, SlimBlade, Orbit da Marble kuwa ba ruwansu da dama ko hagu, gefe biyun iri ɗaya ne. Ka shiga saitin Windows ka juya maɓallai, shi ke nan.

27/ Wannan ma ya amfane ni ni da ba bahago ba. Idan dama ya gaji da yamma, sai in tura abin gefen hagu na kibod in ci gaba. Hagu bai kai dama ƙwarewa ba, amma buɗe fayil da gungura shafi ba su fi ƙarfinsa ba. Hannun dama ya samu hutu, aikin mutane bai tsaya ba.

28/ Yanzu abin da masu bita na ƙasashen waje ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa shi ne rayuwarmu: ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na shigo da ita ta ko'ina. Ga ƙaiƙayin shinkafa lokacin sussuka. Ka share tebur da safe, kafin azahar ka rubuta sunanka a kai da yatsa.

29/ Ƙwallon tirakbol a kan 'yan duwatsu uku ƙanana yake zaune, kamar tukunya bisa murhu. Su ne boris ɗinsa. Ƙura da maiƙon hannu suna taruwa a kansu su zama ɗan baƙin danƙo. Da zarar ka ji ƙwallo yana kamewa kafin ya motsa, sannan ya zabura, to danƙon nan ne. Abin bai lalace ba.

30/ Gyaran minti ɗaya ne. Mafi yawansu suna da rami a ƙasa: ka tura ƙwallon da yatsa ko bayan biro, ya fito. Manyan Kensington ma ɗaga ƙwallon kawai ake yi. Ka goge duwatsun uku da ƙyalle busasshe, ka hure gilashin idon, ka goge ƙwallon, ka mayar. Da hunturu kullum nake yi, da damina sau ɗaya a sati.

31/ Don Allah kada a zuba masa man keken ɗinki, ko kananzir, ko man gyaɗa. Mai ƙura yake kira. In ka wanke ƙwallon da sabulu za ka ji ya ɗan yi kaushi, ka murza shi a tafin hannunka, maiƙon fata ya ishe shi. Idan za ka tashi daga aiki ka rufa masa hula ko ƙyalle.

32/ Wani abu kuma: ƙwallon ba a ɗaure yake ba a manyan. In ka kifa shi zai faɗo. A kan siminti yana iya tsagewa ko ya karce, kuma karce ɗaya ya isa ka riƙa jin tsalle duk juyi. Ga yara kuma, wallahi jan ƙwallo mai sheƙi ba ya tsira a hannunsu. Ka tashi, ka sa shi a durowa.

33/ Inda tirakbol ya fi mawus a wurinmu, ba gardama: ba ya buƙatar tebur. Lokacin zafi, Maris zuwa Mayu, da ma'auni ke haura 40, ɗaki ba ya zaunuwa. Tabarma nake shimfiɗawa ƙarƙashin dogon yaro, laftof a kan kujera 'yar tsugunne, tirakbol a kan cinya. Mawus a kan tabarma ko katifa ai sai rawa.

34/ Baffana ya same ni haka wata rana, ya tsaya yana kallo. Ya ce, "Kai, wanga ƙwallo mi shika yi bisa ƙafarka?" Na ce, "Baffa, da shi nake tuƙa kwamfutar." Ya ce, "To Allah shi ba da sa'a. Mu dai da munka tashi, linzami bakin doki aka sa mai." Har yau in ya zo sai ya juya shi sau ɗaya.

35/ Mai waya ko mara waya? Inda wuta ke zuwa ta tafi, ni na fi son abin da ba ya jiran caji. Mai waya daga laftof yake sha, kuma tun da ba ya motsi, wayar ba ta damun kowa. Sai mai batir AA, wanda ko a shagon ƙauye za ka samu. Mai caji shi ne na uku a lissafina.

36/ In ka zaɓi mai batir, ka sa mai kyau. Batir mai arha in ya daɗe cikin zafi yana zubar da ruwa ya cinye ƙarfen ciki. Za ka yi tafiyar wata guda, ka cire shi. Ɗan makullin USB kuma yana da ɗakinsa kusa da batir a M570 da M575. Can ne gidansa in ba a aiki, don ɓatansa ba wuya.

37/ Sai inda tirakbol ke ba sabon shiga wahala: jan abu. Ka danne maɓalli da yatsa ɗaya, kana juya ƙwallo da wani, kamar zaɓen dogon rubutu ko jan fayil. Windows na da maganin wannan a saitin mawus, sunansa ClickLock. Ka kunna shi, ka danne na ɗan lokaci ka saki, ya riƙe maka. Ka sake dannawa ya saki.

38/ A Word da Excel ma ba sai ka ja ba. Danna farkon wurin, ka riƙe Shift, ka danna ƙarshe, duk tsakani ya zaɓu. Sunayen manoma ɗari biyar a jere, dannawa biyu sun gama. Wannan ko da mawus kake aiki ka koye shi, hannunka zai gode maka.

39/ Gudun kibiya ma sai an daidaita. Ga ƙaramin ƙwallo, ka bar Enhance pointer precision a kunne: juyi a hankali ya ba ka taku kaɗan, juyi da sauri ya kai ka nesa. Ka gwada har ka samu inda wurgi ɗaya ke ƙetare allo. Mutane da yawa da suka ce tirakbol bai yi musu ba, nan ne ba su taɓa ba.

40/ Masu CorelDRAW, masu katin biki da kalanda da fosta, ku ne aikinku ya fi laushi. Babban ƙwallo ya fi muku, ko wanda ke da maɓallin rage gudu. Jera rubutu da matsar da hoto yana yi lafiya. Zanen layi da hannu kamar sa hannu kuwa, gara ka ajiye mawus a gefe don shi. Kwamfuta na karɓar su biyun lokaci ɗaya.

41/ Akwai mutanen da abin nan ya fi yi wa amfani fiye da ni. Wani dattijo a unguwarmu, tsohon malamin firamare, yana rubuta tarihin zuri'arsu a kwamfutar da ɗansa ya ba shi. Hannunsa na rawa. Da mawus, kafin ya danna, kibiya ta gudu daga wurin. Abin ya kai har ya rufe kwamfutar ya ce ya haƙura.

42/ Na ara masa babban nawa na sati ɗaya. A tirakbol tuƙi daban, dannawa daban. Ka kai kibiya inda kake so, ka ɗage yatsa daga ƙwallo, ta tsaya cak. Sannan ka danna a natse, ko hannu na rawa ba ta motsi. Ran da na je karɓa ya ce, "Ɗana, wanga shi ad daidai da tsoho." Ɗansa ya yi masa odar nasa.

43/ Don haka masu iyaye da hannu ke rawa, da waɗanda shan inna ko shanyewar ɓarin jiki ta taɓa wa hannu, ku duba babban ƙwallo mai manyan maɓallai. Ana juya shi da tafin hannu ko gefen hannu, ba sai yatsu sun cika ƙarfi ba. A wajen masu irin wannan lalura, tirakbol sanannen kayan taimako ne a duniya.

44/ Akwai kuma waɗanda zan ce su dakata: ɗalibai masu shirin JAMB. Tun 2015 jarrabawar ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kuma a cibiyar jarrabawa mawus da kibod za ka tarar. Ka saba da su. Ka koyi danna A, B, C, D a kibod don amsa, N don gaba, P don baya. A shagona mawus nake ba masu atisaye.

45/ Haka shagon da mutane da yawa ke hawa kwamfuta ɗaya. Kwastoma ya biya kuɗin awa guda, ba zai kashe rabinta yana koyon ƙwallo ba. Tirakbol na mai kujera ɗaya ne, wanda kullum shi ke zama. Masu wasan harbi a kwamfuta su ma yawancinsu mawus suka fi so.

46/ Ina ake samu? Ni dai a shagunan da na zaga a Birnin Kebbi ban ci karo da shi a kanta ba, sai oda. Ana nema a Beirut Road ta Kano, Banex a Abuja, Computer Village ta Ikeja, ko a intanet. Ka tura wa mai shago hoto da lambar samfurin. In ka ce "mawus mai ƙwallo" kawai, wani abin daban zai ɗauko.

47/ Ɗan Kwatano yana da sauƙi, kuma da yawa suna da sauran rai. Kafin ka biya ka duba biyar: ƙwallo ba karce, duwatsu ukun suna nan, ɗan makullin USB yana ciki kuma nasa ne, ɗakin batir ba tsatsa, maɓallin hagu in ka danna sau ɗaya ba ya yin biyu. In daga nesa ne, a yi maka bidiyo yana aiki.

48/ Marasa suna masu arha kuma, na gwada na wani abokina. Siffar ta yi, maɓallai sun yi, amma ƙwallon sai ya kame sannan ya zabura ko bayan an goge shi. A tirakbol santsin ƙwallo shi ne komai. In za ka iya taɓawa kafin saye, ka gwada matsar da kibiya tsakanin harafi biyu a Word. In ta shiga ba gardama, ya yi.

49/ A taƙaice, ga yadda zan raba. Kafaɗa ko gwiwar hannu ke ciwo, babban yatsa lafiya, kana yawo da laftof: M575. Kana da hali kuma kana son hannu a karkace: MX Ergo. Babban yatsa na ciwo, ko kai bahago ne, ko hannu na rawa: Expert Mouse ko SlimBlade. Aljihu ba nauyi amma kana son na yatsu: Orbit mai zobe.

50/ In kuwa mawus ɗinka bai taɓa sa ka ciwo ba, teburinka na da fili, aikinka awa ɗaya ne ko biyu a rana, riƙe kuɗinka. Ka sayi ƙarin RAM ko batirin laftof, sun fi maka amfani.

51/ Kowanne ka zaɓa, ka ajiye shi kusa da kibod yadda gwiwar hannu za ta zauna jikin haƙarƙari, kada ka riƙa miƙa hannu. Kujera ta kai tsayin da kafaɗa ba za ta ɗage ba. Lokutan salla sun riga sun raba mana yini, ka ƙara tashi ɗaya tsakanin kowace biyu, ka miƙe yatsu, ka sha ruwa.

52/ Kuma ka ba shi sati biyu cur kafin ka yanke hukunci. Ka ɓoye mawus a durowa in ba aikin gaggawa ba, don in yana gefe hannu can zai koma. In bayan sati biyu wani sabon ciwo ya taso a yatsa, kada ka daure, ka canza iri ko ka koma inda ka fito.

53/ Nan zan tsaya. Wanda ke aiki da wani irin da ban ambata ba, musamman masu Elecom a nan Arewa, ku faɗa mana yadda yake yi da ƙurar hunturu. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, in na rufe shago da dare zan bi su ɗaya bayan ɗaya in sha Allahu. Ku tura wa mai shagon kwamfutar unguwarku. Allah ya ba mu lafiya da abin yi.